Kafin ka ce in kai ka cin abincin Sinawa

Ƙanena, na saurari saƙon muryarka har sau biyu. Ka ce in Allah Ya kawo ka baje kolin Canton nan birnin Guangzhou a watan Oktoba, kana so in kai ka inda za ka ci abincin Sinawa na asali, ba irin soyayyiyar shinkafa da ƙwai da ake kawo muku a gidajen abincin Abuja ba. Kai ne na huɗu da ya roƙe ni haka bana. Ukun farko duk a ɗakina suka ƙare, suna jiƙa garin kwaki da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ɗaya har yana tambayata ko akwai sauran yajin ƙuli. Saboda haka bari in rubuta maka tun kana gida, kada mu zo muna jayayya a bakin titi.

Da farko dai babu wani abu guda ɗaya mai suna abincin Sinawa. Abin da mutumin Sichuan ke ci, mutumin Guangzhou kan ce wuta ce. Abin da na Guangzhou ke ci, na Sichuan kan ce lami ne. Mutanen arewa taliya da burodin turara suka fi ci, na kudu shinkafa. Nan inda nake, lardin Guangdong, alfaharinsu shi ne a dafa abu a bar shi da ɗanɗanonsa, babu barkono, babu mai da yawa, kifi a turara shi da citta da ganyen albasa kawai. Sinawa da kansu suna yi musu ba'a cewa duk mai ƙafa huɗu suna ci in ban da tebur. Ka riƙe wannan ba'ar, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi zan fara gaya maka. Shekarata ta farko, akwai wata mata da ke sayar da changfen a lungunmu da sassafe. Ƙullun shinkafa ne tsararo, ta zuba shi a wani faranti na ƙarfe mai kama da aljihun tebur, ta fasa ƙwai a kai, ta tura shi cikin tukunyar tururi. Minti ɗaya ta jawo, ta kankare shi da wani ƙarfe mai faɗi, ya naɗe kansa fari sol, ta yarfa masa miyar waken suya. Kusan wata huɗu ina karin kumallo da shi, ina murna na samu abin da babu nama. Ran nan na zo da wuri na tsaya ina kallonta, sai na ga ta barbaɗa niƙaƙƙen nama a farantin wani, ta kankare, ta zuba nawa a farantin nan dai, ko gogewa ba ta yi ba. Na nuna naman da yatsa, ta ce zhurou, tana murmushi. Alade. Wallahi ranar ko ruwa da ƙyar ya wuce min. Matar ba ta cuce ni ba, ni ne ban tambaya ba, ita kuwa ko a mafarki ba ta san akwai wanda abin zai dama ba.

Daga nan na fara karatun da babu makarantarsa. Idan ka ga kalmar rou, wato nama, ita kaɗai a takardar abinci ba a ce na saniya ko na rago ba, to alade ne. Akwai wani abinci mai suna yuxiang rousi, sunansa na nufin mai ƙanshin kifi, amma ko ƙayar kifi babu a ciki, alade ne aka yayyanka sirara. Akwai tianji, wato kazar gona, kada ka ji kaza ka washe baki, kwaɗo ne. Ganyen da ka ga an soya kore shar, sau tari da kitsen alade aka soya shi. Irin kek ɗin nan masu ɓare-ɓare na shagunan burodin gargajiya, kitsen nan ne ke sa su laushi. Sannan akwai liaojiu, giyar girki, wadda kuku ke tsiyayawa a kifi da kaza kamar yadda Inna ke jefa daddawa a miya, ba tare da ta tsaya tunani ba. Ka koyi cewa wo bu chi zhurou, ba na cin alade, amma kada ka dogara da ita. Mai abinci zai gyaɗa kai da zuciya ɗaya, ya tsame maka yankan naman, ya bar maka romon.

Abin da zai cece ka haruffa biyu ne: 清真. Ana karanta su qingzhen, su ne halal ɗin ƙasar nan. Ka ɗauki hotonsu ka ajiye a waya, ka haddace surarsu kamar yadda ka haddace lambarka. Kada ka tsaya neman rubutun Larabci, domin a 'yan shekarun nan an cire shi daga allunan shaguna da dama, sai haruffan Sinanci da koren fenti suka rage.

A nan ne nake saɓawa da 'yan uwanmu da ke cewa abincin qingzhen ai ba na Sinawa ba ne. Wa ya gaya musu? Musulunci ya fi shekara dubu a garin nan. Masallacin Huaisheng da ke titin Guangta yana cikin mafi daɗewa a duk ƙasar, da doguwar hasumiyarsa da ake cewa fitila ce ga jiragen ruwa a da. Kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa kuma akwai masallacin da mutanen nan ke danganta kabarin cikinsa ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake abin da muka karanta a gida shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Musulmin nan 'yan ƙabilar Hui Sinawa ne, Sinanci ne harshensu, girkinsu na kakanninsu ne. In ka ci nasu, abincin Sin ka ci, ba kwaikwayo ba.

Daren da ka sauka, shagon taliyar Lanzhou zan kai ka. Kusan kowace unguwa akwai shi, kuma galibin masu shi 'yan lardin Qinghai ne. Za ka ga yaro da farar hula ya ɗauki curin kwaɓin fulawa, ya ja, ya ninka, ya buga a tebur ji kake tim, ya sake ja, kafin ka gama zama ya zama zare-zare a yatsunsa, ya cilla cikin tafasasshen ruwa. Suna da ƙa'idarsu ta abu biyar: romo garau, farin radish, jan man barkono, koren ganye, taliya mai ɗan rawaya. Ni ina biyan abin da bai kai yuan 20 ba a lungunmu. Naman dai kada ka sa rai, yanka uku ne ko huɗu, sirara har kana hango ƙasan kwano ta cikinsu, mukan ce saniya ɗaya ke kai su shekara. Kuma kada ka shiga musu da abincin waje a leda, ba sa so, kuma suna da gaskiya.

Washegari sai wajen mutanen Xinjiang. Nan ne za ka ji kamar ka dawo gida, domin tsirensu na rago da gishiri da barkono da wani ɗan iri mai ƙanshi da suke kira ziran bai da nisa da namu, ƙuli ne kawai babu. Suna da gurasa ta tanderu, suna da dafa-dukar shinkafa da karas da naman rago, suna da dapanji, kaza da dankali a ƙaton faranti, in an cinye a zubo taliya mai faɗi cikin romon. Mutum uku ba sa gamawa da shi.

Na asalin Guangzhou kuwa, wato shan shayin safe da 'yan ƙananan abinci a kwandunan gora, akwai tsohon gidan abincin Musulmi a titin Zhongshan na shida da ke yin su da naman sa da kaza da jatan lande. Can zan kai ka ranar da babu baje koli, mu zauna cikin tsofaffi masu karanta jarida. Za a kawo buta da roba, kada ka sha ruwan farko, na ɗauraye kofi da tsinken cin abinci ne. Wani baƙona ya ɗaga ya shanye, teburin kusa da mu suka yi ta dariya a ɓoye. In an tsiyaya maka shayi ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Kada ka soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, kama yake da turaren da suke kunna wa matattu. Za a kawo ƙafar kaza, ka ci ko ka bari, ni sai da na shekara uku na yarda tana da daɗi.

Inda ake faɗawa rami shi ne liyafar masu masana'anta. In ka yi ciniki mai kauri, mai gida zai ce sai ya ciyar da kai. Tebur ne zagaye da gilashi mai juyawa, abinci kala goma sha, yana ɗebo maka da hannunsa, ga farar giyarsu baijiu ana ta ɗaga kofi. Kunya irin tamu ita ke kashe mu a nan. Tun kafin a tashi daga ofis ka ce kai Musulmi ne, gidan qingzhen kake so, ba ka shan giya. Ban taɓa rasa ciniki don wannan ba. Suna ma da wata magana, yi cha dai jiu, shayi a madadin giya, ka ɗaga kofin shayinka ka faɗe ta, an wuce wurin. Yau ni nake karɓar takardar abinci in zaɓa wa tebur da Sinanci, har in yi gardama da kuku a kan romo, kuma ba wanda ya koya min sai yunwa da kunyar da na sha.

Za a kalle ka, wannan ka shirya masa. Za ka ɗago kai da taliya a baki ka ga waya ta saito ka. Wani yaro zai nuna ka, uwarsa ta ja shi. Yawanci son sani ne kawai, amma ni da na ga watan Afrilun 2020 a garin nan, lokacin korona, da masu gidaje suka fitar da baƙaƙen fata waje, wasu shaguna suka hana mu shiga, ba zan ce maka duka son sani ba ne. Abin ya lafa, ban dai manta ba.

Kuɗin takarda ba su da farin jini a nan, ka sauke manhajar Alipay ko WeChat, da su ake biyan kuɗi a waya, ka haɗa da katinka tun kana gida, domin wani shagon ko takardar abincin ma sai ka haska lamba a tebur za ka gani. Google da WhatsApp ba sa aiki haka kawai. Ruwan sha da ɗumi za a ba ka ko ana zafi, kada ka yi faɗa. In cikinka ya ɓaci ko bakinka ya fashe, za su ce zafi ne ya yi maka yawa, su tura ka shan liangcha, wani baƙin jiƙo mai ɗaci kamar maganin shawara. Na sha, ban mutu ba.

In duk ka kasa, unguwar Xiaobei na nan, za ka samu shinkafa da miya da teba a wajen 'yan uwanmu, da tsada. Amma kwana uku na farko ba zan kai ka can ba, ko ka yi fushi.

Ka gaida Inna, ka ce ta ɗauro min kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, a naɗe da leda uku saboda wari. Kilishi kam kada ka ɗauko, 'yan kwastan ba sa barin nama ya shigo, a gabanka za su jefa shi a kwandon shara.