Mun saɓa da likitoci kan maganin ciwon dajin Baba, mene ne hukunci?

Tambaya: Allah gafarta Malam, mu mazauna Makka ne. An yi wa mahaifinmu tiyatar ciwon daji na hanji wata guda ke nan. Likitoci sun ce cutar ta taɓa kaluluwar da ke kusa, sai an ɗora shi a kan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, na wata shida. Yayanmu ya ƙi sa hannu, ya ce guba ce, a koma ga Zamzam da habbatus sauda da ruƙya. Baba kuwa har yau cewa ake yi masa gyambon ciki ne. Laifi ne in mun ƙi?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Kafin rigimarku da likitoci akwai kuskuren da ya fi girma: mai jikin bai san ana yi ba. Muddin yana cikin hankalinsa, izinin magani haƙƙinsa ne, ba na babban ɗa ba. Nana A'isha ta ruwaito, kamar yadda ya zo a Buhari, cewa an ɗura wa Annabi (SAW) magani a jinyarsa ta ƙarshe alhali yana nuni da kada a yi, kuma da ya farfaɗo bai yarda da abin ba. In ɗurawa babu izini laifi ne, ina ga hanawa a ɓoye? Ku gaya masa a hankali, likita na zaune. Wataƙila ma akwai bashi ko wasiyya da yake son gyarawa.

Shi kuwa magani ba hukunci ɗaya gare shi ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1412 (1992), ta yanke cewa yana wajaba idan barinsa zai kai ga halaka, yana zama mustahabbi ko halal a ƙasa da haka, kuma ba a la'akari da ƙin waliyyi idan cutarwarsa ga majinyaci a fili take. Don haka ku tambayi likita kai tsaye: wannan kemo ta neman warkewa ce, ko ta sassauci da jinkirta cuta? Yadda kika siffanta, irin wadda ake yi bayan tiyata ce don kashe ragowar ƙwayoyin da hoto ba ya gani. Irinta na rage yiwuwar dawowar cutar, kuma an fi son a fara ta cikin mako 6 zuwa 8 bayan aiki. Kun ci mako huɗu. Abin da nake gani, bai halatta yayanku ya hana ba. Da a ce cutar ta watsu, likitoci sun ce wahalar ta fi amfanin, Baba ya ce a bar shi, babu zunubi a kansa, a ci gaba da ba shi maganin raɗaɗi ko da mofin ne.

Saɓa wa likita ɗaya ba saɓo ba ne, amma ƙwararre ake kai wa ƙara. Ku karɓi rahoton tiyata, da sakamakon tsokar da aka gwada, da faifan hoton, ku kai wa wani likitan daji cikin makon nan. Ku tambaya ko wata uku zai wadatar, domin wasu majinyata hakan ake musu, ko a rage ƙarfin maganin saboda shekarunsa.

Zamzam da ruƙya ku ci gaba, babu mai hana ku haɗawa. Amma jiƙe-jiƙe da garin da ba a san haɗinsa ba, a nuna wa likita tukuna, don wasu na jigata hanta da ƙoda har a ɗage kemo. In ya fara, ku ajiye ma'aunin zafi a gida. Wajen kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye fararen ƙwayoyin jini kan yi ƙasa, zazzaɓin da ya kai digiri 38 a kai shi sashen gaggawa a daren, kada a ba shi Panadol a jira gari ya waye.

Wallahu a'alam.