Amsa ga mai tambayar hoton bakin teku cikin hazo

Wallahi ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce ka je ɗaukar matsayar kwale-kwalen da igiyar ruwa ta ragargaza, hotuna suka fito toka-toka, kyamara ta ƙi kama saiti, wato ta ƙi fito da hoto tar. Ni ma na sha wannan a garin Keta na ƙasar Ghana, watan Nuwamban 2021, bayan teku ya shiga gidajen mutane a Kedzikope da Agavedzi.

Daga unguwar Nima ta Accra na taso da dare, na isa da asuba. Motar mai sanyi ce, ina fitowa gilashin kyamara ya yi gumi. Don gaggawa na goge da bakin rigata, ashe akwai yashi. Har yau zanen yana nan. Kada ka goge da riga, don Allah! Bar ta cikin jaka ta ɗumama tukuna, kuma sa tacen kariya a gaba, wato siririn gilashin da ake ɗaurawa a bakin kyamara, gara gishiri ya ci shi.

Tokar nan kuwa, hazo ne ke ruɗin kyamara, ta ɗauka haske ya yi yawa sai ta rage. Ƙara mata haske mataki ɗaya. Saiti kuma yi da hannu, kan abu mai duhu da ke kusa, karyayyen katako ko tarun da ya naɗe a turke.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wani da ya ce shi edita ne. Hoto goma sha biyu na tura masa, har da na wata tsohuwa zaune kan rusasshen murhun bandar kifinta. Sai da na yi rabin yini ina gaishe ta ta bakin wani yaro mai jin yaren Ewe kafin ta yarda. Mutumin nan ya yanke sunana, ya wallafa, ko sidi ɗaya ban gani ba. Na kira har na gaji. Wai "ai talla na yi maka". Talla! Allah ya isa.

Af, kafin ka ciro kyamara nemi sarkin masunta ku gaisa. Mutum na kallon jarinsa a farfashe, kai kana neman kusurwa, zagi kaɗan ne. Kuma kada ka hau katakon da ya jiƙe, na ga wanda ya zurma har ƙugu.