Tambaya da Amsa: Shin Kame da Ɗauri Sun Rage Shan Tabar Wiwi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni malamin makarantar sakandare ne, kuma ina da ƙane ɗan shekara 24 da ya faɗa shan tabar wiwi. Sau biyu ana kama shi muna karɓo belinsa, amma ko wata guda ba ya yi sai ya koma ruwa. Ga shi kuma ina jin cewa wasu ƙasashe sun halatta ta. Shin dokar haramcin nan tana da amfani kuwa, ko gara mu bi sahun waɗancan ƙasashe? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya shiryi wannan yaro, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da shi.

Idan tsananin hukunci kaɗai ke raba mutane da wiwi, da tuni Najeriya ta manta da ita. Tun a 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma ta, da ɗaurin shekara 10 ga wanda aka kama yana zuƙa, kafin a sassauta dokar a 1975. A 1989 aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda har gobe jami'anta ke ƙona gonakin wiwi a dazuzzukan Ondo da Edo da Osun, suna tare motocin da ke jigilarta zuwa Arewa. Duk da haka, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye cikin shekara guda, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Bayan fiye da shekara hamsin ana kame da ɗauri, wannan adadi ya isa ya sa kowane mai hankali ya sake tunani.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Muddin akwai mai saye, kuma ribar buhun wiwi ta ninka ta buhun rogo sau da yawa, to duk dillalin da aka kama a lungu wani ne zai maye gurbinsa kafin mako ya zagayo. Wanda ya fi faɗawa hannu kuwa shi ne ƙaramin mashayi irin ƙanenka, wanda za a tsare shi tare da riƙaƙƙun masu laifi, ya fito babu wanda ya tambaye shi abin da ya kai shi ga shan, sai tabon da zai hana shi samun aiki ko aure. Na daɗe ina ganin cewa a nan ne muke asarar 'ya'yanmu, domin sabo da maye ciwo ne, kuma ɗakin tsare masu laifi ba asibiti ba ne.

Sai dai ban yarda mafita ita ce a buɗe mata kasuwa ba. Yurugwai ta halatta ta a 2013, Kanada ta bi baya a 2018, kuma gaskiya ne cewa kamen matasa ya ragu, kasuwar bayan fage ma ta ja da baya a Kanada. Amma an samu ƙaruwar ƙananan yara da ake garzayawa da su asibiti bayan sun ci alewar da aka haɗa da wiwi, kuma Tailan da ta saki dokarta a 2022 ta dawo a 2025 ta ce sai da takardar likita. Ga shi wiwin yau, irin su Lawud da Kolorado da ake shigowa da su, ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma likitoci sun tabbatar da alaƙarsa da taɓin hankali, musamman ga wanda ya fara tun ƙuruciya. A addinance ma babu ja, duk abin da ke sa maye haramun ne.

Abin da ya fi dacewa mu duba shi ne tsarin Fotugal. A 2001 ƙasar ta bar safarar miyagun ƙwayoyi, wiwi da sauransu, a matsayin babban laifi, amma wanda aka kama da abin da bai wuce na shansa na kwana goma ba, sai a gurfanar da shi gaban wani kwamiti mai masana lafiya da shari'a da jin daɗin jama'a, su tura shi magani idan yana buƙata. Yaɗuwar cutar ƙanjamau tsakanin masu yi wa kansu allurar maye ta ragu ƙwarai. Jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwayi rabin tsarin a 2020, ta daina kame ba tare da ta tanadi isassun wuraren magani ba, kuma a 2024 dole ta janye. Wato sassauci ga mashayi ba ya aiki sai da gadon asibiti da likita a bayansa, wanda shi ne abin da muka fi ƙaranci.

Game da ƙanenka, ina roƙonka kada ka kai shi gidan mari, domin abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda aka kuɓutar da mutum kusan 300, da yawansu cikin sarƙa, bai kamata ya sake samun ɗan kowa ba. Ka raka shi da ƙafarka zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke kusa da ku, a duba ko akwai damuwa ko rashin barci da ke ingiza shi. Ka sa a ranka cewa zai iya zamewa sau ɗaya ko biyu kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ka nema masa sana'ar da za ta cika masa yini, ka kuma roƙi mahaifanku su daina kiransa ɗan wiwi a gaban ƙannensa.