Tambaya da Amsa: Limamin ƙauye da kundin zuriya a Ingila

Tambaya: Malam, ina mamakin yadda Bature ɗan Ingila zai lissafo kakanninsa har shekara ɗari uku baya, da ranar aurensu da ranar da aka binne su. An ce wai limaman cocin ƙauye ne suka ajiye wannan. Gaskiya ne? Kuma wace irin rayuwa suke yi?

Amsa: Gaskiya ne. A 1538, zamanin Sarki Henry na takwas, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarni kowace coci ta riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma (wankan shiga addinin Kirista), da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Gwamnati ba ta fara nata rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba sai 1837. Wato kusan shekara 300 alƙalamin limami ne shaidar cewa talaka ya taɓa zuwa duniya. Abin da dattawa da maroƙa ke riƙe mana da ka, su a takarda yake.

Amma kada ka ɗauka kundin ba ya kuskure. Galibi ranar baftisma ake sawa, ba ranar haihuwa ba. Suna kuwa yadda kunne ya ji haka hannu zai rubuta, sai ka ga gida ɗaya da rubutun suna iri uku. Shekarun yaƙin basasa na wajen 1640 zuwa 1660 ma cike suke da giɓi.

Maganar rayuwarsu, bari in kawo maka mutum guda, James Woodforde, don shi ya bar mana littafin da yake rubuta al'amuransa na kullum, sama da shekara 40. An haife shi a 1740 a Ansford, cikin lardin Somerset, inda mahaifinsa ke limanci. Ya yi karatu a Oxford, kuma kwalejinsa ce ta ba shi cocin ƙauyen Weston Longville a lardin Norfolk, ya tare a 1776. Nan akwai abin lura: a wancan zamani ba jama'ar gari ke zaɓen limami ba. Ikon naɗi na hannun mai ƙasa ne, ko bishof, ko kwaleji, shi ya sa muƙamin kan yi ta yawo cikin dangi ɗaya.

Kuɗin shigarsa kusan fam 400 ne a shekara, mafi yawa daga ushirin da manoma ke biya, sauran daga gonar coci. A farkon Disamba yakan tara manoman a gidansa, su biya, shi kuma ya cika su da nama da giya har dare. A ganina wanda ya karanta littafin nasa zai fi ganin manomi mai rufin asiri fiye da mai wa'azi: cinikin sha'ir, kiwon aladu, albashin barori, da abin da aka ci da rana, wanda kusan ba ya tsallakewa. Har ganyen shayi yake saya wurin 'yan fasa-ƙwauri cikin dare, ya kuma rubuta ba kunya. Ranar Kirsimeti kuwa yakan kira tsofaffin matalauta na garin su ci abinci a gidansa, ya sallami kowa da sule guda.

Bai taɓa aure ba. 'Yar ɗan'uwansa, Nancy, ita ta riƙe masa gida tun 1779. Rubutunsa na ƙarshe a Oktoba 1802 ne, ya ce ba shi da ƙarfi ko kaɗan, sannan ya ƙara da cewa gasasshen naman sa aka ci. Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1803.

In kana son duba irin waɗannan kundaye, yawancin tsofaffin an kwashe su daga cocin zuwa ma'ajiyar tarihi ta kowane lardi, na Weston Longville suna Norwich. Sai dai ka fara da sanin sunan ƙauyen, domin ƙauye-ƙauye aka jera su.