Kwana uku a Ruwanda: ga yadda zan raba su

Ɗan'uwa, ka ce kwana uku za su rage maka bayan taro a Kigali, kana son ganin namun daji da hawan dutse. Ni dai da gandun Akagera zan fara. Awa biyu da rabi ne a mota, ka kwana can, ka yi sammako. Akwai giwaye, raƙuman dawa, dorinar ruwa a tafkin Ihema, da zakunan da aka dawo da su a 2015. Ganin goggon biri (gorila) a wajen garin Musanze da ke arewacin ƙasar kuwa yakan kai dala 1,500, sai mai hali. Gara ka hau dutsen Bisoke da ke wannan yankin, mita 3,711, da tafki a ƙolinsa. Hanyar akwai taɓo sosai, don Allah ka tanadi takalmi mai ƙwari da rigar ruwa. Dajin Nyungwe ya yi nisa, bar shi sai wani zuwan.