Filin Marubuta: "Anti, kaina ya toshe, ko dai baiwar ce ta ƙare?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Ni marubuciya ce shekara 3 kenan, kullum sai na yi taifin feji ɗaya ko biyu na tura wa masu karatuna, in na makara ko da awa ɗaya ne saƙo ya dinga shigowa kenan ana "ina cigaba?" toh yanzu wata biyu kenan in na ɗauki waya zan rubuta sai kaina ya tsaya cak, wanda na samu na rubuta ma in na karanta sai inji kamar ba ni ba, duk mutanen labarin bakinsu ya zama ɗaya. Ina kaiwa 2 ko 3 na dare ina taifin kuma da asuba na tashi. Ƙawata tace in huta amma tsoro nake kar mutane su watse, kar kuma labarin ya fice min a kai. Anti ko dai baiwar ce ta ƙare? Daga wata ƙanwarki marubuciya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Baiwarki na nan ba inda ta je, gajiya ce kawai ta danne ta, kuma wallahi da na karanta saƙonki tausayinki ne ya fara kama ni, shekara 3 ana jan ruwa a rijiya safe da dare ba a taɓa barinta ta kwana ta tara ba, ai dole guga ya fara ɗebo laka. Ƙawarki ta faɗa miki gaskiya.

Kinga shi rubutu ba a lokacin da yatsa ke kan waya kaɗai ake yinsa ba. Tun 1926 wani masani ɗan Ingila, Graham Wallas, ya kasa yadda sabon tunani ke zuwa gida huɗu: mutum ya tara kayan aiki ya sha fama da matsalar, sannan ya ajiye ta ya kama wani abu daban tana can tana nuna a ƙasan zuciya, sai haske ya faɗo masa, daga ƙarshe ya zauna ya duba ko hasken nan na gaske ne. Ke mataki na biyun kika cire kwata-kwata, yau ki tara yau ki rubuta yau ki tura, babu inda labarin zai zauna ya nuna. Akwai wani babban masanin lissafi na Faransa, Henri Poincaré, da ya ba da labarin kansa, yace ya daɗe yana fama da wata matsala, sai tafiya ta kama shi ya manta da lissafin gaba ɗaya, yana ɗora ƙafa zai hau keken dokin haya amsar ta faɗo masa a kai. Amma ki lura, sai da ya sha wuya da ita tukuna kafin hutun ya biya shi.

Abinda kika ce na mutanen labarinki bakinsu ya zama ɗaya shi ya fi tsaya min a rai, don yana da dalili. A 2001 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Marcus Raichle, da abokan aikinsa suka bayyana cewa akwai wasu sassan ƙwaƙwalwa da suke ƙara kama aiki daidai lokacin da mutum yake zaune bai sa komai a gaba ba, su lafa in ya duƙufa kan wani aiki. Binciken da ya biyo baya ya danganta sassan nan da tuno abinda ya wuce, da hasko abinda zai zo, da ƙoƙarin gane me ke cikin zuciyar wani. Toh dan Allah me marubucin labari yake yi in ba wannan ba? Lokacin da kike zaune shiru hankalinki ya tafi, a nan ne uwar mijin labarinki take samun irin nata harshen, yarinyar ta samu nata. In babu wannan shirun dole kowa ya ari bakinki, bakin naki kuma a gajiye yake.

Sai maganar barci, nan kam zan miki faɗa irin na yaya da ƙanwa. Daga 3 na dare zuwa asuba awa nawa ne? Likitocin barci awa 7 ko fiye suke cewa babba ya samu. A 2004 an yi wani gwaji a jami'ar Lübeck ta Jamus, aka ba mutane aikin lissafi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya ba a gaya musu ba, waɗanda suka yi barcin dare kafin su dawo kan aikin kusan kashi 60 cikin 100 sun gano hanyar, waɗanda ba su runtsa ba ko kashi 25 ba su kai ba. Kuma irin barcin da aka fi yin mafarki a cikinsa ya fi yawa a ƙarshen dare, wanda ke shi ne ba kya samu. Jiki magayi ƙanwata, naki ya riga ya fara gaya miki.

Masu karatu kuma ki fito ki gaya musu gaskiya, kice zaki huta kwana 10, ranar kaza zaki dawo. Wanda yake son labarin zai jira, ai in yana da daɗi ko wata uku aka yi ana tambayarsa, abinda ke korar mai karatu shi ne ya ga labari ya koma ja-ni-in-ja-ka ba gaba ba baya. In kin dawo kar ki koma kullum-kullum, ki mayar sau 3 a sati, kuma kar ki fara turawa sai kina da feji 5 ko 6 a ajiye. Tsoron kar labari ya fice miki, ki samu ɗan littafi da biro, duk abinda ya faɗo ki rubuta layi ɗaya ki rufe, kar ki zauna taifin. Ni kaina na taɓa ajiye wani labari wata guda cur saboda na rasa yadda zan raba wasu mutum biyu a ciki, ina tsaye ina ninke kaya na gane ashe tun babi na huɗu na ɗauko hanyar da ba ita ba.

Abu ɗaya da bazan tsallake ba: in kin ga ba rubutu kaɗai ba ne, komai ma ya fice miki a rai, ga yawan kuka ko kin kwanta barcin ya ƙi zuwa, har ya haura sati 2 a haka, toh ki je ki ga likita, wannan ya wuce gajiyar marubuci. Allah Ya ƙara lafiya.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ni nawa akasin na kowa ne, ina hutawa sosai, in na gaji da rubutu sai in kwanta in ɗan duba Facebook da TikTok, amma in na tashi kan nawa ya fi da nauyi. Meye matsalar? Daga wani ɗan uwa.

AMSA: Malam barka kadai. Jikinka ne ya kwanta, kan naka yana can yana karɓar baƙi, bidiyo na bin bidiyo, rigimar wane da wance, babu sakan ɗaya da aka bar shi ya yi yawonsa. A 2012 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara sun gwada hutun minti 12 iri-iri a tsakiyar aikin ƙirƙira, waɗanda aka ba ɗan aiki mara wahala da ke barin hankali ya tafi su suka fi kawo sabbin dabaru, har sun fi waɗanda suka zauna ba su yi komai ba. Shi yasa shara ko wanka ko goge takalmi suka fi waya amfani a wajen nan. Ga kuma tattaki, a 2014 a jami'ar Stanford an samu cewa mutane in suna tafiya a ƙafa dabarun da suke kawowa sun ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100 kan na zaune, har wanda ke tafiya kan injin motsa jiki yana kallon bango. Sai dai wajen zubo dabaru da yawa tafiyar ta yi amfani, in amsa ɗaya tak ake nema bata taimaka ba, don haka gyaran jimla a zaune zaka yi abinka.

Amma Malam tunda kace kana hutawa "sosai" bari in tambaye ka, kafin hutun layi nawa ka rubuta? Don akwai hutu akwai gudun aiki, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. Gobe ka gwada, ka rubuta na minti 40 waya na wani ɗaki, ka tsaya daidai inda ka san abinda zai biyo baya, ka fita tattakin minti 20 ba komai a kunne, in ka dawo ka ɗora daga wajen. Ka yi sati ɗaya a haka ka rubuto min yadda ta kasance.

TAMBAYA: Anti na gama littafina na farko jiya Alhamdulillah, in fara gyara yau ko in jira?

AMSA: Masha Allah, ina taya ki murna! Ki jira. In kika karanta yau abinda ke kanki zaki gani ba abinda ke kan takarda ba, ko kalma ta ɓace idonki zai cike miki ita. Ki rufe shi sati 3 zuwa 4, ki karanta littattafan wasu, ki rama barcin da kike bin kanki bashi, ranar da zaki buɗe kuma ki karanta shi da ƙarfi kunnenki na ji, da jan biro a hannu.