Farin hayaƙin nan shi ne awon da ka rasa

Ka ce kun ƙona giram 0.24 na zaren maganiziyam, tokar ta ba ku 0.34, alhali lissafi ya ce 0.40. Sikelin lafiyarsa lau, ɗana. Kowane giram 24 na wannan ƙarfe yana kama giram 16 na oksijin, saboda haka dole nauyi ya ƙaru. In bai cika ba, wani abu ya salwanta a hanya.

Fara da zaren. Wanda ya daɗe a kwaba za ka ga ya yi dushi-dushi, iska ta riga ta ci bayansa. Goge shi da sanfefa har ya yi ƙyalli, sannan ka auna. Ka naɗe shi sako-sako a jikin fensir ka zare. In ka dunƙule shi, cikinsa ba zai ƙone ba.

Amma yawanci a murfi ake yin ɓarnar. Ɗan kaskon tangaran yana kan wuta, yara na ɗokin ganin haske, sai a ɗage murfi gaba ɗaya, farin hayaƙi ya yi sama. To, hayaƙin nan tokar ce da kanta, ita kake son aunawa. Kama murfin da awartaki, ɗaga gefe guda kaɗan, iska ta shiga, ka mayar nan take. Haka za ka yi ta yi har zaren ya daina walƙiya, sannan ka buɗe sosai ka ƙara masa wuta.

Akwai kuma naitirojin, wadda ta fi yawa a iska. Ita ma tana kama ƙarfen, abin da take bayarwa kuwa bai kai na oksijin nauyi ba. Idan kaskon ya huce, ɗiga ruwa kaɗan. Ka ji wari irin na kwanannen fitsari? Amoniya ce ke fita. Mayar kan wuta a hankali har ya bushe ƙarau, bari ya huce, auna, sake gasawa, sake aunawa, sai awo biyu sun zo daidai.

Kada kowa ya ƙura wa hasken ido, yana lahani. Kuma bokitin busasshen yashi ya kasance kusa da kai. Maganiziyam mai ci da wuta ba a watsa masa ruwa, ƙara ruruwa yake yi, kuma yana ci ko a cikin iskar kabon dayoksaid ta tukunyar kashe gobara.